Tawada a Ƙarƙashin Zare

Ƙarfe bakwai na safe Malam Jan-Biro yana zaune a ɗakin aikin matarsa, reza a hannu, yana so ya kankare ƙaryar shekara biyu kafin ƙarfe goma.

Gwangwanin biskit ne buɗe a gabansa, da kati ashirin da huɗu a ciki. Duk takardar hannu ce, irin wadda ake jiƙa tsofaffin takardu a daka, a tace a rariya, a shanya, ta fito da kauri da kaushi. Kowane kati an bi gefensa da ɗinkin zare. A ƙarƙashin zaren kuwa akwai tawada, gajerun layuka da aka ja da biro, suna leƙowa nan da can kamar ƙafar ɓarawo a bayan labule. Duk mai ido zai gani.

Shekara biyu wannan bai hana shi barci ba, don matarsa, wadda unguwa ke kira Mai Kati, ba ta da idon. Yanar ido ta rufe mata duka biyun, likitoci kuma suka yi ta ɗaga aikin saboda hawan jini. Jiya dai aka yi mata a na dama. Yau ƙarfe goma za a cire bandeji. Ta kuma faɗa, ba sau ɗaya ba, cewa abin da za ta fara ɗora idon a kai shi ne katunan Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, ita kaɗai ta gaji allura. Da ta tashi komawa wani gari mai nisa da mijinta, uwar ta ba ta injin yankan takarda, tsohon ƙarfe mai wuƙa kamar ta mahauci. Injin yana da murfi da ke kare hannu. Tun Auta tana goye, Mai Kati ta kwance murfin ta jefa bayan kabad, wai yana rage mata sauri. Haka aka loda shi a mota, tsirara. Wata huɗu da tafiyar, wuƙar ta sauka a hannun daman Auta, ta ɗauke babban yatsa da manuni da rabin na tsakiya.

Daga gadon asibiti Auta ta sa ubanta ya rantse ba zai faɗa ba. Da ta warke ta ci gaba da aiko kati duk wata kamar yadda ta saba, sai dai yanzu da hagu take rubutu, kuma ba ta iya riƙe allura. Sai ta riƙa zana ɗinkin da biro, layi-layi, irin ɗinkin ƙarya da ake yi wa kati mai araha. Mai ido daga nesa sai ya rantse zare ne. Makauniya kuwa da yatsa take karatu, yatsa kuma ba ya jin tawada.

Nan Malam ya shigo. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana gyara rubutun 'ya'yan mutane da jan biro, wanda ya karanta littattafan da suka cika ɗaki guda amma bai taɓa maƙala maɓallin rigarsa ba, shi ne ya koyi huda takarda da basilla, ya koyi zura zare, ya riƙa bin layukan Auta da ɗinkin gaske kafin ya miƙa wa uwarta. Har gyara yake yi mata. A kowane kati, a kusurwar ƙasa ta hagu, Auta takan tsallake layi ɗaya, ta bar giɓi. Ya ɗauka hannun hagu ne ke gajiya a nan. Shi kuwa bai taɓa ganin giɓi ya wuce shi ba, sai ya cike abinsa.

Ya ɗora bakin reza a kan katin farko, ya shiga karcewa a hankali. Tawadar ta riga ta sha cikin takardar. Ya ƙara danna hannu. Rezar ta ɓulla ta baya.

Ya ɗaga katin saitin taga, haske ya shigo ta ramin. Garin neman gira ke nan.

"Malam!" Muryar matarsa ce.

"Na'am."

"Me kake yi a ɗakina?"

"Tabarau nake nema."

"Yana kan hancinka. Daga nan ina jin yadda yake toshe maka numfashi. Kawo min gwangwanina."

"Wane gwangwani?"

"Na gwal da ubanka ya bar mana. Gwangwani nawa gare ni?"

Kafin ya amsa wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya tura ƙofar ɗakin da ƙafa, ya rage murya.

"Baba, ka ɓoye su?" Muryar Auta ce.

"Yanzu take nemansu."

"Ka ce ɓera ya ci."

"Ɓera ya ci gwangwanin ƙarfe?"

"To ka ce an manta a tasi."

"Yaushe uwarki ta taɓa bari wani ya riƙe mata kaya a tasi? Ko ni sai in ta ga dama take ba ni hannunta. Auta, ki faɗa mata da bakinki. Ni na gaji."

"Baba, ka rantse fa."

"A kan makauniya na rantse. Yau mai ido za a ba ni."

Ya ji tana jan hanci. "Za ta ce ita ta yanke ni. Ka san za ta faɗa. In jininta ya hau idon ya lalace, wa zai yafe min?"

Ya kashe wayar, ya cusa katin da ya huda a can ƙasa, ya rufe gwangwanin, ya kai mata.

Tana zaune bakin gado ta gama shiri, farin bandeji a ido ɗaya, ɗayan kuma fari fat da yana. Ta karɓi gwangwanin, ta buɗe, ta bi gefen katunan da farce kamar mai ƙirga haƙoran mataji.

"Ashirin da huɗu," ta ce. "Amma an taɓa min su. Na watan farko ba a ƙasa yake zama ba."

"Ƙura na kaɗe."

"Shekara arba'in ban taɓa jin ka kaɗe ƙurar komai ba sai littafi. Allah ya sa ba mutuwa za ka yi ba."

A cikin tasi gwangwanin yana kan cinyarta, hannuwanta biyu a kai. Duk ramin da motar ta faɗa sai katunan su motsa a ciki. Ya yi tunanin ce wa direba ya tsaya, ya yi tunanin buɗe ƙofa a bisa kuskure. Mutum yakan yi tunani iri-iri a mota, ya sauka yana nan yadda ya hau.

Likitar doguwa ce mai saurin magana, irin waɗanda ke kiran kowace tsohuwa Mama don kada su wahalar da kansu da duba suna. Ta sa aka rage hasken ɗaki, ta ɓare filasta, ta ɗaga auduga, ta ɗiga magani.

"Mama, buɗe a hankali. Me kike gani?"

Mai Kati ta ƙifta, ta sake ƙiftawa. Idon ja ne, yana ruwa. Ya zaga bango, ya zaga fuskar likita, ya zo ya tsaya a kan Malam.

"Wannan tsohon fa? Ina kuka kai mijina?"

Likita ta yi dariya. Malam ma ya buɗe baki ya fitar da wani abu mai kama da dariya.

"To Baba, saurara da kyau," in ji likita. "Sati biyu ba sunkuyo, ba ɗaukar abu mai nauyi, ba murza ido. Sannan jinin nan nata da kyar muka shawo kansa. Ban da ɓacin rai, ban da kuka. In kana da wani laifi da kake ɓoyewa, ka ƙara riƙe shi sati biyu."

Wasa take yi. Shi ya sa ya ji zafin maganar.

"Likita," ya ce, "ai karatu ma ba kyau ko? Kallon ƙananan abubuwa, kamar zare haka."

"A'a, ta kalli abin da take so. Don shi aka yi aikin."

Haka likita ta sa hannu a takardar hukuncinsa ba ta sani ba.

Mai Kati ba ta buɗe gwangwanin a asibiti ba. Ta ce hasken wurin na gawa ne, ba a duba aikin hannu da shi. A hanya ta yi ta kallon titi ta cikin baƙin tabarau da aka ba ta, tana mitar yadda aka sare bishiyoyi da yadda 'yan mata suka rame. Suna isa gida ta wuce ɗakin aikinta kai tsaye, ba ta taɓa bango ba. Ta ja kujerarta zuwa bakin taga. Rana ta kusa tsakiya, hasken ya kwanta a kan teburin, a kan basilla da almakashi da kwalbar gam, da rezar da ya manta.

Ta kalli rezar.

"Ki huta tukuna," ya ce. "Bari in ɗora miki ruwan zafi."

"Zauna."

Ya zauna.

Ta cire tabarau, ta ɗauki kati ɗaya. Da yatsa ta fara bin sa, don hannu ba ya saurin yarda an sallame shi daga aiki. Ta bi sama, ta gangaro dama, ta bi ƙasa, ta tsaya a kusurwar hagu. Nan take tsayawa kullum. Wata ashirin da huɗu yana ganin yatsan nan yana tsayawa a wurin, fuskarta ta rufe, ta yini ba ta magana. Kewa ya ɗauka.

"Malam, bari in rage maka wahala, don tun safe nake jin zuciyarka tana dukan riga. Na san ba Auta ta ɗinka waɗannan ba."

Ya gyara zaman tabarau a hancinsa.

"Tun na farko na sani. Akwai ƙulli a baya. Wa ke ƙulli a takarda? Gam ake sa wa bakin zare a kwantar da shi. Ga ramuka an huda su kamar da ƙusa. Wannan ɗinkin wanda bai taɓa son kowa ba ne. Wata 'yar aiki ta samu ta ba ta, ta ce ɗinka wa tsohuwar nan, ai ba gani take ba."

Hanya ce ta buɗe masa, shimfiɗaɗɗiya. In ya ce haka ne, yaran zamani sai haƙuri, shi ke nan. Ba injin, ba yatsu, ba hawan jini. Sati biyu, ko shekara biyu, ko har ƙasa ta rufe idon wani a cikinsu.

"Wannan duk na haɗiye," ta ci gaba. Muryarta ta yi ƙasa. "Abin da ya tsaya min a wuya ƙofar ce."

"Wace ƙofa?"

Ta juyo da jan idon nan ta dube shi. "Shekara arba'in kana cin abincin da katin nan ya saya, ba ka san ƙofa ba? Duk katin da ya fita daga hannuna ina barin ɗinki ɗaya a nan, kusurwar hagu. Ƙofa ce. Wanda ka aika wa, ka bar masa wurin shigowa. Ranar da na fara ba Auta allura na koya mata. Sau ɗaya ta taɓa rufe min ita, tana 'yar shekara goma sha biyar, da na hana ta wata tafiyar makaranta. Ta ɗinke kati ruf ta ajiye min a kan filo. Kwana uku ba mu yi magana ba, sannan ta zo da almakashi ta tsinke da kanta." Ta daki katin da farce. "Ashirin da huɗu, Malam. Duk a rufe. Ta bar 'yar aiki ta rufe min ƙofa wata ashirin da huɗu ba ta ce a'a ba. In ta kira waya, Inna kaza Inna kaza, murya kamar zuma. In na ce zo, sai yaro ba lafiya, sai hanya ba kyau. Ni kuma na kasa tambaya me na yi mata. Tsoro nake ta faɗa."

Malam ya dubi hannuwansa. Ya karanta labaran sarakunan da suka ƙona birane da kuskuren kalma ɗaya, yana kaɗa kai yana mamakin wautar mutane.

Ita kuwa ta ɗaga katin zuwa haske, karo na farko tana kallonsa da ido. Ta matso da shi. Ta nisanta. Ta karkatar.

"Mene ne wannan baƙin a ƙarƙashin zare?"

"Ƙila datti ne."

"Datti mai bin layi?" Ta sa farce ta ture zaren gefe. "Biro ne. An zana ɗinkin da biro kafin a bi da allura." Ta ture na gaba, ta ture na gabansa, tana zagaya katin a hankali, shi kuma yana bin yatsan da ido kamar mai kallon wuta tana cin igiya. Ta iso kusurwar hagu. Ta ture zaren.

Takardar fara ce a wurin. Ba tawada.

Ta ɗauki wani katin, ta tafi kusurwar kai tsaye. Fara. Ta ɗauki na uku. Na huɗu. Katunan suka riƙa zamewa a kan tebur.

"Mai biron ya bar ƙofa," ta ce, kamar da kanta take. "Mai allurar ne ya rufe." Ta ɗago. "Wa na sani a duniyar nan da ba ya iya ganin giɓi ya ƙyale?"

"Maman Auta, likita ta ce..."

"Nuna min yatsunka."

Ya miƙa. A kan manuninsa akwai ɗigo-ɗigon baƙin tabo, inda allura ta yi ta sukarsa. Ta duba, ta saki hannun kamar ta taɓa kayan wani.

Sai ta buɗe katin ta dubi rubutun ciki, rubutun da shi yake karanta mata da muryarsa ta aji. Haruffan sun kwanta baya, suna tuntuɓe da juna. Ta laluba ƙasan gwangwanin ta zaro na watan farko, mai ramin reza. Rubutunsa kamar na ɗan aji ɗaya, layukan biron a karkace, wasu sun fita daga gefe. Ta jera shi da na watan jiya, wanda layukansa suka miƙe sumul. Ta daɗe tana kallon su biyun.

"Auta ba bahaguwa ba ce."

Ya sauke kai.

"Yarinyar da ke zura allura ido rufe, me zai sa ta zana ɗinki da biro, da hannun hagu? Malam, ina hannun 'yata?"

Yana jin agogon bango. Yana ganin jijiyar wuyanta tana harbawa. Ya nemi wata ƙaryar a duk ɗakin karatun da ke kansa, bai samu ko ɗaya da za ta shige ta wannan idon ba.

"Yatsu biyu da rabi," ya ce. "Na dama. Ta warke. Tana aiki, tana girki, tana..."

"Injin."

"Ƙaddara ce."

"Ban tambaye ka sunanta ba. Injin ne?"

"Injin ne."

Ta juya kai a hankali ta dubi kabad ɗin da ke jingine da bango. Ya san abin da ke bayansa, ita ma ta sani. Ya tashi tsaye, ya rasa me zai riƙe, ita ko maganin jini ko ƙofa. Numfashinta ya yi gajere. Ta dafe bakin teburin da hannu biyu har gaɓoɓin suka yi fari.

"Kar ki yi kuka. Don Allah. Idon."

Hawaye ya gangaro, amma ta idon hagu, mai yana.

"Wannan likita ta hana," ta ce, tana nuna na dama. "Ba ta ce komai a kan wancan ba."

Ya ɗebo ruwa, ya ɓallo ƙwayar magani. Ta karɓa ta haɗiye ba gardama, abin da ba ta taɓa yi ba. Suka zauna har jijiyar wuyan ta lafa. Ta goge kumatu ɗaya da bakin mayafi, ta bar ɗayan a bushe yadda yake.

"Shekara biyu," ta ce, "'yata tana koyon hagu don ta bar min ƙofa, kai kana bin ta da zare kana toshewa. Da ka bar min katin yadda ya zo, da na ji ba zare na tambaya, da na yi kukana tun ina da idon da ba a kashe wa wahala ba."

"Kuskure na ɗauka. Na ce in gyara mata."

"Na sani. Kai ko kabarinka aka haƙa sai ka ce layin bai miƙe ba."

Ta jawo ƙaramin almakashi ta tura masa, ta tura gwangwanin.

"Tsinke su. Ɗinki ɗaya a kowanne, kar ka taɓa sauran."

Ya ɗauki na farko, ya zura bakin almakashi, ya datse, ya zare guntun zaren. Giɓin ya buɗe, amma ramuka biyu da ya huda suna nan, ɗaya a kowane gefe.

"Ramukan fa?" ya tambaya.

"Yadi ne ke haɗewa in an zare allura. Takarda ba ta mantuwa. Bar su nan, su ne naka."

Ya ci gaba. Guntayen zare suka fara taruwa a gefen hannunsa. Yana kan na tara ta miƙo tafin hannu.

"Ba ni wayar. Irin kiran da ake ganin fuska."

Ya danna ya ba ta. Ƙara ɗaya aka ɗauka, kamar dama wayar tana hannu. Fuskar Auta ta cika gilashin, idanu a kumbure. Ta ga idon uwarta a buɗe yana kallonta.

"Kin rame," in ji Mai Kati. "Kusurwarki ta sama kuma har yanzu tana karkata, ko da biro. Ɗago min hannun."

"Inna..."

"Ba wannan ba. Ɗayan."

Malam bai ɗaga kai ba. Ya zura almakashi a kati na goma.